Me za mu kira "Limited" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku kan kalmar nan da ake liƙa wa ƙarshen sunan kamfani, Limited, ko Ltd a taƙaice. Kamfani dai ya riga ya zama namu, hannun jari ma ya zauna daram a bakin kowa. Wannan wutsiyar ce ta ƙi fassaruwa. Ana yawan rubuta "kamfani mai iyaka", kuma shi nake so mu tuge tun bai yi jijiya ba.

Ba kamfanin aka yi wa iyaka ba. Idan kamfani ya ci bashi ya kasa biya, duk abin da ya mallaka sai an ɗaga: gini, injuna, motoci, kuɗin asusu, har kujerar da manaja ke zama a kai. Wanda aka yi wa iyaka shi ne mai hannun jari. Abin da ya zuba, shi kaɗai zai iya rasawa. Masu bin kamfani bashi ba su da ikon bin sa gida su taɓa gonarsa ko gadon 'ya'yansa.

Kafin mu yi gardamar kalma, a dubi yadda abin yake idan babu wannan shinge. A watan Oktoba na 1878 wani banki a birnin Gilasgo na Sikotilan ya durƙushe, kuma masu hannun jarinsa ba su da irin wannan kariya. Duk mai jarin fam 100 sai da aka nemi ya kawo fam 2,750. Cikin masu hannun jari 1,819, mutum 254 kawai suka fita ba su tsiyace ba. Da yawansu ba su taɓa zama a taron hukumar bankin ba, ajiyar tsufa ce suka sa a ciki. Haka doka take har yau ga haɗin gwiwa na gargajiya, inda mutum biyu ko uku suka haɗa kuɗi suna ciniki ba tare da sun yi rajistar kamfani ba. Bashin da abokinka ya ciyo da sunan cinikin yana wuyanka, ko da kana barci aka ciyo shi.

Birtaniya ta fara ba da wannan kariya ga kamfanonin da suka nema a dokar 1855, da sharaɗin a rubuta Limited a ƙarshen suna. Ku lura, gargaɗi ne ga mai ba da bashi: ka sani fa, idan an faɗi, iya abin da ke cikin kamfanin za ka samu.

Shari'ar da ta kafa abin da kyau ita ce ta Aron Salomon, wani mai ɗinkin takalma a Landan. A 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani. Doka a lokacin tana son mutum bakwai, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaiɗai, shi kuma ya riƙe 20,001 cikin 20,007. Ba a jima ba kasuwa ta juya, kamfanin ya karye, aka ce ai Salomon ne kamfanin, kamfanin ne Salomon, ya biya daga aljihunsa. Kotuna biyu suka yarda da haka. Da aka kai gaban alƙalan majalisar dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a wancan zamani, a ƙarshen 1896 suka ce a'a. Tunda an cika sharuɗɗan rajista, kamfani mutum ne daban a idon doka, bashinsa nasa ne. Ni dai har gobe ina jin tausayin ƙananan masu bin kamfanin bashi, amma hukuncin ne ake karantar da ɗaliban lauya da shi a yawancin ƙasashen da suka gaji dokar Ingila.

To, ga shawarwarin fassara da wasunku suka riga suka kawo zuwa yanzu.

Mafi yawanku kun ce "alhaki mai iyaka". Ba laifi, kuma hanyar da wasu harsuna suka bi ke nan. Larabawa suna cewa mas'uliyya mahduda, SARL na Faransanci da GmbH na Jamusanci duk ma'anarsu ɗaya. Matsalata da alhaki ita ce nauyin da yake ɗauke da shi a kunnen Bahaushe. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Idan ka ce wa dattijo alhakinka yana da iyaka, zai ɗauka kana nufin za ka ci haƙƙin mutane ka tsira a lahira, kuma ba zai ƙara sauraronka ba.

Wani malami ya kawo "lamuni mai iyaka". Allah ya gafarta Malam, ta fuskar fiƙihu naka ya fi na kowa daidai, domin lamuni shi ne ka tsaya wa wani a kan bashinsa, kuma ainihin abin da aka taƙaita ke nan. Sai dai 'yan jarida sun riga sun karkatar da kalmar, yanzu idan aka ce lamuni rance ake ji. Mai karatu zai zaci kamfanin ne ba ya iya cin bashi da yawa. Malam ya kuma tuna mana da ƙiradi, inda mai dukiya ke ba wani ya juya, a raba riba, idan an faɗi mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Wannan tunatarwar ce ta ba ni abin da nake nema, don ta nuna tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Tawa shawarar: asara iya jari. Kamfanin kuma a ce masa kamfanin iya-jari.

Kalma uku ne, ba mai buƙatar ƙamus, kuma ta faɗi wanda abin ya shafa, domin mai jari ne ke asarar jari. Tana kuma haihuwa. Akwai kamfanonin da ba su da hannun jari, irin na ƙungiyoyin agaji, inda kowane mamba ke alkawarin biyan wani ɗan adadi idan an rushe. Wannan sai ya zama kamfanin iya-alkawari. Wanda ba shi da shinge ko kaɗan, irin bankin Gilasgo, bashi har gida.

Wata lauya ta yi min gyara mai kyau. Ta ce idan mutum ya karɓi hannun jari dubu ya biya rabi, ranar da kamfani ya karye za a zo karɓar ragowar, don haka ba iya abin da ya zuba ba ne. Gaskiyarki, ranki ya daɗe. Amma jarin da ka sa hannu ka ce naka ne, ai jarinka ne ko ba ka gama biya ba, kalmar ta ɗauke shi. Ta ƙara da cewa kotu kan yaye shingen idan an kafa kamfani don zamba ko don guje wa wani wajibi, kuma bankuna sukan sa darakta ya tsaya wa kamfaninsa da kansa kafin su ba da rance. Duk haka ne. Na farko hukuncin mai ha'inci ne, na biyu kuwa mutum ne ya buɗe ƙofar gidansa da hannunsa, kuma a nan ne kalmar Malam ta lamuni ta sami gurbinta.

Masu cewa ɗan kasuwa ba zai so kalmar asara kusa da sunan kamfaninsa ba, shi ya sa na ce iya-jari kawai. Sunan rajista kuma ba a taɓa shi, Ltd ɗin yana nan yadda aka rubuta a takardar shaida. Tamu kalmar ta labari ce da aji da bayani: "Kamfanin na iya-jari ne, saboda haka masu bin sa bashi ba za su taɓa gidajen masu shi ba." Wanda yake ganin jimlar nan ta yi masa tsauri a baki, ya kawo tasa mu gwada.