Dare uku a gonar inabin Chablis

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum ƴan uwa. Raina a ɓace yake. Dare uku ke nan muna kwana a gonar inabi a Chablis, nan Faransa, kusa da Auxerre. Watan Afrilu ne, inabi ya fara toho, in sanyin asuba ya daskarar da raɓa sai tohon ya ƙone, amfanin shekara ya tafi. Tun ƙarfe uku muke bin layi muna kunna kyandirori masu girman gwangwanin fenti don ɗumama tohon, hannu ya sandare har ashana ba ta riƙuwa. Yau mai gonar ya ce kuɗin dare babu shi a yarjejeniyarmu. Amma in baƙi suka zo, sai ya ɗauko dutse ya nuna musu ɓawon kawa (wata halittar teku mai ɓawo) a jikinsa, na zamanin da teku ya rufe wurin, ya ce ƙasar ce ta sa busasshiyar farar giyarsa tsada. Ni na ce gumin lebura ne.

Baban Walid: Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Amma "busasshiya" kuma? Abin da ake tsiyayawa a kofi ta ina ya bushe? Wannan ba Hausa ba ce.

Ɗan Damagaram: Yaya, haka suke cewa da Faransanci, sec. Maganar kuɗina nake.

Maman Nana: Ƙanena, Baban Walid ya fi ka gaskiya a nan. Na yi aikin gidan abinci a Lyon. Abin nufi, yis ya cinye sukarin inabin kusan duka, babu sauran zaƙi. Sai ka ce marar zaƙi. Shi ya sa suke haɗa ta da ɗanyar kawa da kifi da cukun akuya, tsaminta na yi musu aikin da lemun tsami ke yi wa gasasshen kifi.

Na Tawa: Mai bauri ya kamata a ce.

Maman Nana: A'a. Bauri na jar giya ne, daga ɓawon inabin yake fitowa. Ta Chablis da farin inabi chardonnay kaɗai ake yin ta.

Baban Walid: To Hajiya, ya aka yi kika san tsami da bauri haka?

Maman Nana: Ka ji tsoron Allah, Alhaji. Ban taɓa kai ta bakina ba. Mai jera faranti dole ta haddace abin da ke kan takardar abinci. Ka janye wannan magana.

Malam Ƙarami: Duk kun bar inda gizo ke saƙa. Hadisi ya ambaci mutum goma da aka la'anta game da giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta. Ɗana, ka nemi wani aikin.

Na Tawa: Allah gafarta Malam, shi bai matsa ba, kyandir ya kunna. Inabi halal ne.

Malam Ƙarami: Inabin da aka shuka don tulun giya? Tun 1938 hukumarsu ta yi wa sunan Chablis rajista, kuma sunan giya ne.

Na Tawa: Ku na Najeriya kullum sauƙin hukunci gare ku. Wa zai aika wa tsohuwarsa kuɗin hatsi a Zinder?

Baban Walid: Kada ka sako ƙasa a ciki. Ku ne kuke cusa Faransanci a Hausa har ruwa ya bushe.

Na Tawa: Ku da ke cewa "fulawa" da "bokiti"?

Baban Walid (shugaban zaure): Na rufe wannan batu. Abin da aka cimma: "busasshiya" kuskure ne kamar yadda na faɗa tun farko, kuma Hajiya ta tabbatar. Malam ya yi nasiha, kowa ya ji. Na Tawa, a kiyaye harshe.

Maman Nana: Har yanzu ba ka janye ba.

Ɗan Damagaram: An ce yau ma sanyin zai sauko, ƙarfe biyu za a zo ɗaukarmu. Akwai wanda ya san yadda ake kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago a Auxerre?