Taska da kundi: sunan da za mu ba takardun masu tsara kiɗan Turai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina so mu tsayar da magana a kan abin da Turawan Ingila ke kira archive, musamman idan ana zancen takardun masu tsara kiɗan gargajiyar Turai irin su Bach da Beethoven da Stravinsky, waɗanda ke rubuta kiɗansu da alamomi a takarda tun kafin wani makaɗi ya ɗauki abin kiɗa. A ganina kalma ɗaya ba za ta ishe mu ba, domin abubuwa biyu ne aka haɗa a suna ɗaya: akwai gidan da ke adanawa, akwai kuma tarin takardun mutum guda da aka kai wannan gida.

Gidauniyar Paul Sacher da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan ta isa misali. An kafa ta a 1973, kuma a 1983 ta sayi takardun Igor Stravinsky, wanda ya rasu a 1971. A yau tana riƙe da takardun mutane fiye da 100, cikinsu har da Anton Webern da György Ligeti da Pierre Boulez, amma ma'aikatanta ba sa cakuɗa na wannan da na wancan, domin ƙa'idar aikin ita ce a bar takardun kowa tare, a ƙarƙashin sunansa, ta yadda mai bincike zai bi sawun tunanin mutumin daga daftarin da ya soke har zuwa kiɗan da ya kammala.

Sunan gidan bai ba ni wahala ba. Wasu sun kawo "gidan tarihi", amma wannan ya riga ya zauna a kan wurare irin Gidan Makama na Kano, inda ake baje kaya domin masu kallo. Laburare kuwa wurin littattafan da aka buga ne, waɗanda idan ɗaya ya ɓata za a samu irinsa a wani gari, alhali takardar da Beethoven ya rubuta da hannunsa ba ta da ta biyu. "Rumbu" ma bai dace ba, domin abin da ke cikinsa ɗibarsa ake yi har ya ƙare. Saboda haka na tsaya a kan "taska", domin Bahaushe ya san ta da ajiyar abu mai daraja wanda ke da mai tsaronsa, kuma ba a shiga sai da izini. Sai mu ce Taskar Bach ta Leipzig, wadda aka kafa a 1950.

Inda aikin yake shi ne sunan tarin takardun mutum guda, kuma nan nake roƙon ku dubi kalmar "kundi" da idon basira. Duk wanda ya tashi kusa da zauren malamai ya san kundi: warwatsattsun takardu ne da malami ya rubuta ko ya kwafa da hannunsa cikin shekaru masu yawa, da ƙarin bayani a gefen shafi, da gyara a kan gyara, an haɗa su cikin fata an ɗaure, ba domin a sayar a kasuwa ba. Abin da mai tsara kiɗa ke bari bai yi nisa da wannan siffa ba, domin za ka tarar da daftarori, da wasiƙu, da yarjejeniyoyi da masu buga littattafan kiɗa, har da rasidan kuɗi. A wajen Beethoven ma akwai ƙananan littattafan da baƙinsa ke rubuta masa maganarsu a ciki tun daga 1818, bayan da kurumta ta ci ƙarfinsa. Kusan 139 ne suka tsira, kuma mafi yawansu suna Laburaren Gwamnati na Berlin. Babu wanda ya yi waɗannan rubuce-rubuce da niyyar a wallafa su, kuma wannan ne ya sa suka fi kama da kundi fiye da littafi.

Wani malami ya ba da shawarar "tarika", kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, tunda Jamusawa na kiran irin wannan tari Nachlass, wato abin da mamaci ya bari. Dalilai biyu ne suka hana ni karɓa. A wurinmu tarika dukiya ce da ake rabawa tsakanin magada, alhali duk manufar wannan aiki ita ce kada a raba. Sannan ba kowa ne ke jiran mutuwa ba: takardun Boulez sun fara shiga taskar Basel shekaru da dama kafin rasuwarsa a 2016, kuma bai dace a kira kayan mai rai tarika ba.

Na amince cewa kundi ya ɗauki wasu ma'anoni, kamar kundin tsarin mulki da kundin digiri, kuma wasu na jin kalmar sai su tuna da laƙani. Amma da zarar an jingina ta ga sunan mutum, aka ce kundin Stravinsky, ba na jin mai karatu zai ruɗe.

Labarin Florence Price ya nuna dalilin raba kalmomin biyu. Ita ce baƙar fata mace ta farko da wata babbar ƙungiyar makaɗa ta Amurka ta kaɗa dogon tsararren kiɗanta, a Chicago a 1933, kuma ta rasu a 1953. A 2009 aka tsinci ɗimbin takardunta a wani gida da aka yi watsi da shi kusa da garin St. Anne na jihar Illinois, cikinsu da kiɗe-kiɗen da ake zaton sun salwanta. Da Hausa sai mu ce wani sashe na kundinta ya shafe shekaru ba shi da taska, har ya samu shiga taskar Jami'ar Arkansas, kuma daga nan ne makaɗa suka sake samun abin kaɗawa. Da kalma ɗaya wannan jimla ba za ta faɗu ba.

Abin da ya rage shi ne sunan mai aikin kansa. Na yi amfani da "mai tsara kiɗa" domin "makaɗi" na nufin mai kaɗawa, "mawaƙi" kuma mai rerawa, amma "marubucin kiɗa" ma yana da hujjarsa, tunda a rubuce aikin yake. Ina kuma son jin ta bakin 'yan'uwanmu na Nijar, domin Faransanci ya riga ya ware tarin mutum guda da sunan fonds: shin a Yamai da Damagaram, kunnenku zai karɓi kundi a wannan gurbi?