Kulla Ɓarauniya Ce Ko Baƙuwa?

Alhaji Sani: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya na je gonata ta hanyar Kachia, na tarar da ɗorawar da mahaifina ya bari tana bushewa daga sama, a gindinta kuma wasu jajayen furanni sun ɓullo daga ƙasa kamar ƙananan abarba, ba kara ba ganye. Da na tona sai na ga saiwarsu manne da ta bishiyar. An ce mini kulla ce. Wannan ɓarauniya ita ta kashe mini ɗorawa, kuma babu wanda ya taɓa gargaɗinmu a kanta.

Malam Isa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji, amma kalmar ɓarauniya ba ta dace ba. Sata sai da niyya, tsiro kuwa ba shi da niyya. Rabonsa ne aka ajiye masa a saiwar wani.

Bilkisu: Allah ya gafarta Malam, duk tsiron da ba shi da sinadarin kore a jikinsa ba ya iya haɗa abincinsa da hasken rana, saboda haka kulla komai nata daga saiwar bishiya take zuƙa. Kauci ma ya fi ta kunya, tunda yana da ganye, ruwa da sinadarai yake ɗiba a reshe ya haɗa sauran da kansa. Wanda yake ci kullum bai nema ba bai biya ba, mene ne sunansa?

Malam Isa: Sunansa baƙo, 'yata.

Garba: Baƙo? Malam ya je ya faɗa wa manomin dawa cewa wuta-wuta baƙuwa ce. Irinta yana kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar dawa ko gero ko masara, shi ya sa masana a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, suka daɗe suna neman iri mai jure mata.

Haruna: A gidanmu ƙuduji muke cewa, kuma Garba bai taɓa riƙe fartanya ba, a Kawo cikin garin Kaduna ya tashi.

Garba: Kai da gonarka ta koma fili ka sayar, kai ne za ka koya mini noma?

Hajiya Ladi: Ku yi hankali da bakinku. Iyayenmu suna sa saiwar kulla cikin kayan ƙamshi, kun taɓa ganin an sa ɓarawo a miya?

Bilkisu: A dazuzzukan Amurka akwai wani fure fari fat da aka daɗe ana zaton ruɓaɓɓen ganye yake ci, daga baya aka gane cewa zaren naman kaza na cikin ƙasa ne ke kawo masa abincin da ya samo daga saiwar itatuwa.

Malam Isa: Kin gani ko? Kawo masa ake yi har gida.

Haruna: 'Yan boko ke nan, ana maganar Kachia sun kai mu Amurka.

Alhaji Sani: Har yanzu babu wanda ya ce mini komai game da ɗorawata.

Shugaban zaure: Na karanta komai. Malam Isa, wanda a gabansa na yi karatu, ya warware magana tun da farko, Hajiya kuma ta ƙarfafa shi da hujjar miya. Bilkisu ta yi ƙoƙari, sai dai ta cika kawo na ƙetare. Garba da Haruna su kira juna su sasanta. Alhaji kuma ya janye kalmarsa, an rufe wannan batu.