Ina ya kamata in ajiye kod ɗin juya Entity zuwa DTO?

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum, manya. Ina haɗa wa wata makaranta manhajar kuɗin makaranta da Spring Boot, wato tsarin gina manhaja na yaren Java. Da farko ajin kod (class) mai suna Dalibi, wato Entity ɗin da ke zaune a rumbun bayanai, nake turawa kai tsaye a JSON, tsarin rubutun da ake aika bayanai da shi. Sai Jackson, kayan aikin da ke juya bayanai zuwa JSON, ya kama zagaye: ɗalibi yana nuna ajinsu na makaranta, ajin yana nuna ɗalibi, har sabar ta shaƙe. Da na gyara wannan kuma, sai na ga lambar wayar iyaye da kalmar sirri suna fita waje. Na yi DalibiDto, wato DTO: ajin kod daban mai ɗauke da guraben da nake so su fita kawai. To yanzu kwafe gurabe daga wannan zuwa wancan ya bazu wuri huɗu. Jiya na ƙara ranar haihuwa, na manta wuri ɗaya, takardar shaidar biya ta fito da gurbin fayau. Ya kuke yi?

Malam_Java: Wa alaikumus salam. Ƙanena, aikin wuri ɗaya ka raba huɗu. Yi aji guda, DalibiConverter, da hanyoyi biyu: ɗaya ta karɓi Entity ta ba da DTO, ɗaya ta yi akasin haka. Idan ka so, yi uwar aji Converter<T, U> mai karɓar Function biyu, ka ƙara mata hanyar juya jeri gaba ɗaya, sauran su gaje ta. Kada Entity ta san da zaman DTO ko kaɗan. Gobe in ka ƙara gurbi, ƙofa ɗaya za ka ƙwanƙwasa.

Yar_Zariya: Malam ya faɗi daidai, amma ko wuri ɗaya ne ana mantawa. Ni MapStruct nake amfani da shi, kayan aiki ne mai rubuta kod ɗin juyawar da kansa. Interface kawai za ka rubuta, shi ya samar da kod ɗin lokacin haɗa manhaja, kuma kana iya buɗewa ka karanta. Sa unmappedTargetPolicy, saitin da ke kula da gurbin da ba a cike ba, ya zama ERROR. Ranar haihuwar nan taka da ba ta kai ga takarda ba, tun a kwamfutarka manhajar za ta ƙi haɗuwa. ModelMapper kuwa, takwaransa a wannan aikin, sai manhaja tana gudana yake dacen sunaye, ban yarda da shi a harkar kuɗi ba.

Malam_Java: Gaskiya ne, Hajiya. Na fi so dai ya fara da hannu tukuna, ya san abin da injin ke yi masa.

Baba_Sabar: Ni inda nake jin tsoro shi ne hanyar dawowa. Abin da ke fita da abin da ke shigowa ba ɗaya ba ne. In DTO ɗinka na da gurbin "an biya", kuma shi kake juyawa ya koma Entity, duk wanda ya iya Postman, manhajar aika wa sabar bayanai kai tsaye, zai yafe wa ɗansa kuɗin zango. Raba su: na shigowa daban, mai ɗauke da sunan ɗalibi da ajinsu kawai.

Sabon_Hannu: Innalillahi. Baba, gurbin nan yana ciki. Bari in je in cire shi kafin in taɓa komai. Na gode ƙwarai.