Jitar da ke ɗauke da sunan tauraron rock: talla ce kawai ko akwai bambanci?

Sabon_Makaɗi: Salamu alaikum jama'a. Ana sayar da jitar kamfanin Fender mai sunan Eric Clapton da ta kamfanin Gibson mai sunan Slash da tsada fiye da sauran. Mawaƙin yana sa hannu a ƙirar ne, ko sunansa kawai aka saya?

Mai_Tsirkiya: Wa'alaikumus salam. Yarjejeniyar hawa-hawa ce. Ƙaramin mawaƙi rangwame ake masa, na gaba da shi a ba shi jita kyauta ya riƙa fitowa da ita a dandali da hotunan talla. Manya su ne ake ƙera samfuri da sunansu, suna karɓar kamasho a kan kowace ɗaya da aka sayar. Gibson ta yi haka da makaɗi Les Paul tun 1952, da sharaɗin kada a gan shi a bainar jama'a da jitar wani kamfani. Da aka sauya fasalin jitar mai sunansa a 1961 bai so ba, daga baya aka cire sunansa aka koma kiranta SG.

Gyaran_Jita: Ta Clapton kam akwai bambanci na gaske. Ta fito a 1988, bayan wuyanta yana da ɗan tudu kamar harafin V, an toshe gadar girgiza sauti (ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar) da guntun katako don kada tsirkiya ta riƙa saki, sannan akwai ƙaramar na'ura a ciki mai ƙara sautin tsakiya har desibel 25. Na'urar da batir mai volt 9 take aiki. A nan ake samun matsala: in ka bar wayar amfilifaya a soke a jikin jitar bayan ka gama kiɗa, batirin zai ci gaba da zuƙewa, sai sauti ya fara ƙarar tsatsa ko ya ɗauke, mutum ya ɗauka amfilifaya ce ta lalace. Kuma batirin a baya yake, sai ka kwance murfin da sukurdireba. Ta Yngwie Malmsteen kuwa an rarake katakon tsakanin ƙarafunan wuya, in ka danna da ƙarfi sautin ya haura ya kauce. Ba ta ɗan koyo ba ce.

Mai_Tsirkiya: Amma kada talla ta ruɗe ka, ɗan'uwa. Jitar da Slash ya yi amfani da ita a faifan ƙungiyarsu Guns N' Roses na 1987 ba ƙirar Gibson ba ce, kwaikwayo ce da wani maƙeri Kris Derrig ya yi. Daga baya Gibson ta kwaikwayi kwaikwayon ta sayar. Makaɗi Eddie Van Halen ma ya tallata kamfanin Kramer, ya koma na Music Man, sannan na Peavey a 1996.

Sabon_Makaɗi: To in kuɗin bai kai ba fa?

Gyaran_Jita: Duba jitar kamfanin Epiphone mai sunan Slash, ko ta kamfanin PRS, samfurin SE, mai sunan Santana. Kafin ka biya, ka tambayi irin maganaɗisun ɗaukar sauti da ke kanta, ka duba wuyan da kyau ka ga ko ya karkace, ka kuma tura lambar da ke bayan kan jitar ga kamfanin, domin jabun Gibson sun yi yawa a intanet.