Jama'a me za mu kira "type approval" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa na Nima, Mamobi, Madina har mutanen Kumasi. Mu masu saida waya a Tip Toe Lane nan Circle a Accra kullum muna jin "type approval" a bakin masu shigo da kaya, amma in wata mama ta nuna rubutun bayan kwali ta ce wannan fa mene ne, sai ka ga mutum ya koma Turanci ko Twi, Hausar ta ƙare, kuma abin na damuna sosai. Abin da ake nufi dai, duk na'urar da ke aiki da iska, waya ko rauta ko MiFi ko abin kunne na Bluetooth, sai hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCA, ta duba wannan samfurin ta yarda kafin a saida shi a Ghana, dokar sadarwa ta 2008 ce ta ba ta ikon, shi ne za ka ga NCA APPROVED da lambobi a jikin wasu kayan. Ni "lasisin waya" ne ya zo min. Ya kuka gani?

Mai gyaran waya, Adum:
Wa alaikumus salam yaya. Lasisi bai zauna min ba gaskiya. Mutum ko kamfani ake ba lasisi, irin wanda MTN da Telecel ke riƙe da shi. In ka ce ma tsohuwa lasisin waya za ta ɗauka ita ce za ta je ofis ta biya kuɗi.

Hajiya daga Sabon Zango:
To a ce "shaidar inganci" mana ɗana, kowa zai gane.

Mai tambaya:
Hajiya Allah ya ƙara girma, kalmar da daɗin faɗa amma tsoro nake kar mu yi wa mutane alkawarin da hukuma ba ta yi ba. NCA ba ta ce batir zai daɗe ko kyamara na da kyau ba. Abin da ake dubawa shi ne na'urar na aiki a mitar da aka yarda da ita, ba ta shiga ta dagula netwok ɗin wasu, sannan ƙarfin iskar da jiki ke sha daga gare ta, wanda suke ce ma SAR, bai wuce iyaka ba, a Turai wat 2 ne kan kowane kilo, a Amurka 1.6. Waya za ta iya cika duk wannan kuma cajinta ya riƙa ƙarewa kafin azahar, ranar da haka ta faru wajenmu za a dawo a ce ku kuka ce min mai inganci ce.

Malamin makaranta, Aboabo:
Ku raba abin gida biyu. Yardar da hukuma ta ba samfurin daban, alamar da ke kan kwali daban. Na farko "izinin samfuri", don ba wayarka kaɗai aka duba ba, guda aka gwada a madadin duk masu wannan lambar samfurin. Na biyu "hatimin izini", sai a ce hatimin NCA, hatimin CE na Turai, hatimin FCC na Amurka.

Mai gyaran waya, Adum:
Malam a nan Kumasi "iri" muke cewa fiye da samfuri, sai dai izinin iri zai kai hankalin mutum gona. A bar samfuri. Amma a riƙa gaya wa kwastoma IMEI ba ya cikin wannan, ita lamba 15 ce ta wayarka kai kaɗai, danna *#06# za ta fito.

Mai tambaya:
Na karɓa Malam, Allah ya saka. Izinin samfuri, hatimin izini. Saura wanda ba a buga a kwali ba sai ka shiga cikin setin na wayar ka gan shi, "hatimin ciki" zai yi ko akwai wanda ya fi?