Na tsaga durom na yi fankar iska, amma batir ya ƙi caji

Mai Walda: Salamu alaikum. Walda nake yi a Tashan Dukku, nan Gombe. Na tsaga durom mai lita 200 gida biyu, na haɗa ɓarayin a jikin ƙarfe tsayayye, na kafa a gonar Baba wajen Kwami, na ɗaura masa altanatar mota. Da hunturun nan juyawa yake ba ji ba gani, har yara na taruwa kallo. Kwana uku ke nan, batir ko gezau. Ina na kuskure? Ko sai irin masu fukafukai uku?

Injiniyan Yelwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, waldarka ba ta yi laifi ba. Abin da ka ƙera Savonius ake kiransa, sunan mutumin Finland da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1920. Iska tura shi take yi, kuma tana tura ɓari ɗaya, ɗayan na dawowa yana kokawa da ita. Shi ya sa da ƙyar yake kama kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinta. Masu fukafukai uku kan haura 40, kuma babu fankar da za ta wuce 59.3, iyakar Betz ke nan.

Duronka bai tare iskar da ta kai murabba'in mita ɗaya ba. Idan tana gudun mita 5 a daƙiƙa, wat 10 za ka samu in an taki sa'a. Ita kuwa altanata sai ta yi juyi wajen dubu a minti take fara caji, kafin nan ma cin wutar batir ɗin take yi. Nemi dainamo mai maganaɗisu, ka kuma ɗaga abin sama da bishiyoyi. Gudun iska in ya ninka biyu, wuta ninki takwas take yi.

Ɗan Kumo: Injiniya, to Darrieus fa, mai siraran fukafukai? Na ji ya fi.

Injiniyan Yelwa: Ya fi kama iska, amma sau da yawa ba ya tashi da kansa sai an tura, kuma jijjiga na gajiyar da fukafukan. Ba aikin durom ba ne.

Baba Mai Lambu: Ɗana, wuta dai ka sayi sola. Duron nan ba shi da sauri amma yana da ƙarfin murɗawa, kuma ko ta ina iska ta zo zai karɓa. Haɗa shi da famfon rijiya ya ja maka ruwa.

Mai Walda: Na gode Baba, rijiyar na nan kusa da shi. Sai dai boris ɗin ƙasa ya fara kuka, ƙura ta cika shi. Gobe zan yanka tsohuwar roba in rufe.